Tsaga a Lamba Bakwai

Litinin, 21 ga Yuli, 4:40 na yamma

Akwai tsaga a lamba bakwai.

Na auna ta. Santimita uku da rabi, ta faro daga furen bado na hagu ta gangara cikin ruwan kududdufin. Siririya ce kamar silin gashi, sai an karkata zanen wajen taga ake ganinta. Danshin ɗakin kashi 81, kamar kullum.

Bari in rubuta yadda abubuwa suke, ko na daina juya su a kaina. Zane goma sha biyu muka yi alkawarin kai wa Encik Najib, mai shagon shayi a Kampung Baru da ke ba masu zane aron bango. Za a buɗe ran Asabar, 23 ga Agusta. Ni da Anti Hureira, 'yar Najeriya kamar ni a ƙasar nan ta waje, muke yin su tun watan Oktoba, a ɗakin baƙi na gidanta, minti tara a ƙafa daga ɗakinmu na Wangsa Maju. Ni nake shimfiɗa ƙasa da duwatsu da ruwa da wuƙar fenti, kaurin milimita huɗu, fentin a cakuɗe da yashin kuza. Bayan kwana uku ita ta ɗora furanni a kai. Hannun lalle gare ta. Shafa uku take yi wa fure ta ɗaga hannu, sai a rantse iska na kaɗa shi. Ni ban iya fure ba. Ta ce nawa kamar soyayyen ƙwai suke fitowa, kuma gaskiya ta faɗa.

Ƙa'idarmu ɗaya ce: da mai ɗaya muke aiki, wanda na haɗa da kaina, don na sama da na ƙasa su bushe tare. Wata shida yake ɗauka kafin ya bushe har ciki.

Na nuna mata tsagar. Ta ce, "Kai, Dina, ke da ido! Wannan ai sai ke." Ta tafi duba miya.

Talata, 22 ga Yuli, 10:15 na safe

Na bi littafin aikina shafi-shafi. Lamba bakwai: ƙasa ran 8 ga Maris, fure ran 11. Yashin wankakke sau uku, an shanya kwana biyu. Mai daga kwalba ta biyu. Komai daidai da lamba shida, kuma shida lafiyarsa ƙalau.

Shekara huɗu na yi ina karanta ilimin sinadarai. Ko wata biyu ba a yi da ba ni takardar ba. In na kasa haɗa mai da fenti, me na karanta?

Laraba, 23 ga Yuli, 1:00 na rana

Mabel, abokiyar ɗakina, ta ce na hana ta barci da juye-juye. Ta ce, "Abeg, gashi ɗaya ne a zane, ba bango ne ya faɗo ba. Zo mu je makan, ki sa wani abu a ciki." Na ci rabin roti, gurasar ƙasar nan.

Abin da ban gaya mata ba shi ne tsorona ba na bakwai ba ne. Na sha biyu ne. Shi ne babban, mita ɗaya da santimita ashirin. Dutsen bayan gidan Mama a Bukuru, lokacin da furen rawaya ke cika bakin hanya. Yashin na ɗebo shi ne a bayan gidan, a gwangwanin madara, ran da aka tashi daga zaman makokinta, shekara biyu ke nan. An sayar da gidan bara. An ce sabon mai shi ya zuba siminti har gindin dutsen. Abin da ya rage a gwangwanin duka na juye a lamba goma sha biyu ran 12 ga watan nan, kaurin milimita shida. Babu sauran ko tsinke.

Alhamis, 24 ga Yuli, 5:05 na yamma

Lamba takwas ma. Guda biyu, cikin furen ƙuduji.

Asabar, 26 ga Yuli, 11:30 na safe

Na hau jirgin ƙasa na LRT na kai wa Encik Najib hotunan a waya. Ya sa gilashi, ya buɗe hoton da yatsa biyu, ya daɗe yana kallo. Shi ma ya taɓa zane kafin ya koma dafa shayi.

Ya ce, "Wa yake sauri a gidanku?"

Na ce babu. Na ce ni ce ma ake zagi da nawa.

"To saman nan ya riga ƙasan bushewa, lah. Na ƙasa yana motsi, na sama ya riga ya ƙame. Dole ya dare." Ya miƙo mini wayar. "Goma sha biyu kika ce. Boleh? Zai yiwu?"

Na ce boleh. Ban san me ya sa na faɗa ba.

Litinin, 28 ga Yuli, 3:20 na yamma

Na yi abin da nake jin kunyarsa. Anti tana sallar Azahar na ɗauki gilashin tsohon firam, na ɗiga mai daga kwalbata a hagu, na lakato daga kofin da take tsoma burushi na shafa a dama. Na rubuta D da H a ƙasa, sai na goge, na sa 1 da 2. Na kawo shi ɗakinmu a ledar burodi.

Da zan tafi ta zuba mini dambu a roba. "Ƙanwata, kin rame. Ko saurayi ne?" Na yi dariya. Na ji dariyar da kunnena, ba tawa ba ce.

Talata, 29 ga Yuli, 3:20 na yamma

Awa ashirin da huɗu. Na ɗaya yana bin yatsa. Na biyu ya yi fata.

Talata, 6:10 na yamma

Wataƙila ƙura ce ta shiga kofin. Wataƙila tsohon fenti ne a gindinsa. Na rubuta dalilai biyar. Na san ba ko ɗaya a ciki da zai busar da mai a kwana ɗaya.

Ban ci dambun ba. Mabel ta cinye.

Laraba, 30 ga Yuli, 12:45 na rana

Na same ta cikin kwandon kayan lallen Anti, a ƙarƙashin ledar auduga. Ƙaramar kwalba, mililita saba'in da biyar, ruwan busar da fenti. Saura kamar kashi ɗaya cikin biyar. A jikinta an rubuta kada a wuce ɗigo biyu.

Na mayar da ita yadda na same ta, rubutun yana kallon bango.

Danshi kashi 84. An yi ruwa.

Alhamis, 31 ga Yuli, 9:50 na safe

Lamba tara. Ba siririya ba ce wannan karon, farce na shiga.

Bakwai ya yi kwana 132 kafin ya tsage. Takwas, 107. Tara, 93. Ma'ana ana ƙara yawan abin kowane zane.

Na rubuta "ana". Na bar shi haka.

Alhamis, 7:00 na yamma

Mabel ta dawo daga kedai, shagon unguwa, ta ajiye leda, ta tsaya tana kallona.

"Me ya sa ba ki gaya mini su Antinki, Maman Afnan, za su koma gida ba?"

Na ce wa ya faɗa.

"Mai kago, mai aika kaya gida. Na je tambayar kuɗin aika wa Momi kaya, na ga kwalaye da sunan mijinta, Malam Munzali, Kano. Ya ce tun azumi aka kama masa wuri. Sha biyu ga Agusta za su tashi." Sai ta ga fuskata. "Dina. Ba ki sani ba?"

Na ce zan wanke kwanuka. Biyu ne kawai, kuma a wanke suke.

Juma'a, 1 ga Agusta, 8:30 na safe

Sha ɗaya ga Maris ta ɗora furen lamba bakwai. Azumi ya kwana goma a lokacin.

Ran 31 ga Maris na ci abincin salla a gidanta. Ta yi mini lalle har gwiwar hannu. Ran nan muka zaɓi kalar da za mu saka ranar buɗewa, ta ce shuɗi, na ce kore, muka tsaya a shuɗi. Ran 19 ga Mayu ta raka ni muka auna bangon Encik Najib, ita ta riƙe bakin tef ɗin. Ran bikin kammala karatuna ita ta zauna a kujerar da aka ware wa iyaye.

Duk waɗannan bayan 11 ga Maris ne.

Asabar, 2 ga Agusta, 4:30 na yamma

Na je. Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Na ɗauko kwalbar na ajiye a kan tebur tsakaninmu. Ta dube ta, ta dube ni, ta gyara ɗankwali.

"A ina kika samo?"

"Inda kika ajiye, Anti."

Ta zauna a kan kwalin da na ɗauka na littattafan mijinta ne kawai. Ta ce Baban Afnan ya ƙare digirinsa tun ƙarshen Fabrairu, wurin aikinsa sun ce ya dawo. Ya ce kada a faɗa wa kowa sai tikiti ya zo hannu, da tikitin ya zo kuma ya ce a bari sai ana saura mako. Hajiyarsa ma ta ja mata kunne a waya.

"Kin san mu, Dina, ba ma faɗar tafiya. Maman Zaid bara ta yi ta shelar tafiyarsu a gidan suna, sai da aka mayar da mijinta gyaran digirinsa wata takwas. Baki ba ƙarya ba ne."

"Ni ce kowa?"

"Wallahi ko ƙanwata ta Kano ba ta sani ba."

"Ƙanwarki ta Kano ba ta shimfiɗa miki yashin uwarta ba."

Fanka na juyawa. Sannan ta ce mai kago ya ce ba ya ɗaukar abu ɗanye. Ta lissafa: shida na farko nawa, na baje su wurin Najib, na baya ta tafi da su. Ta ce shekara huɗu tana ƙasar nan, in ta koma dangin mijinta za su tambaya me ta yi, kuma ba ta son amsar ta zama soya albasa. Ta so ta rataye su a falo.

"Goma sha biyu muka yi alkawari."

"Na ce zan gaya miki. Kullum sai in ce gobe."

Na tambaye ta ɗigo nawa take sawa. Ina son adadin, don in san abin da zan iya cetowa.

"Ɗigo? Ai da ƙaramin cokali nake yi. Na ga bakwai bai yi sauri ba, sai na ɗan ƙara."

Kamar gishiri. Kamar tana gyara miya.

Na ce, "Sha biyu fa? Da shi ma za ki tafi?"

"Haba, Dina! Dutsen Mamanki? Wallahi ban taɓa niyya ba." Ta sunkuyar da kai. "Kofin ne a haɗe. Na manta."

Ban yi kuka ba. Na ɗauki jakata. A bakin ƙofa ta ce in tsaya ta zuba mini abinci.

Lahadi, 3 ga Agusta, 1:15 na rana

Na je coci. Ban ji komai ba. Mabel ta ce na rera waƙa ta biyu da kalmomin ta farko.

Na manta. Na manta. Da ta ce da gangan ta yi, da na san inda zan ajiye shi.

Litinin, 4 ga Agusta, 11:00 na safe

Na koma saboda zanen, ba don komai ba. Ta buɗe mini ta shige kicin.

Na gwada ɗaga fatar fure ɗaya a kusurwar lamba goma sha ɗaya. Ya taso da ƙasar da ke ƙarƙashinsa, har ƙyallen ya bayyana. Goma da sha ɗaya sun wuce gyara, jira kawai suke su bi 'yan uwansu.

Sha biyu kwana ashirin ke nan da fure. Na danna farce a gefen dutsen, ya shiga. Ƙasan da taushi, fatar ba ta gama kamawa ba. In aka kankare furannin cikin makon nan, dutsen zai tsira. In aka bar su, kafin Oktoba za su yayyaga shi.

Na ƙirga su. Ɗari biyu da goma sha huɗu. Su ne mafi kyawun abin da ta taɓa yi. Akwai guda uku a gindin dutsen da suka sunkuya daidai yadda suke yi in hadari ya taso, kuma ba ta taɓa zuwa Bukuru ba. Bakina kawai ta bi.

Litinin, 5:30 na yamma

Ta aiko saƙon murya, minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu. Ban buɗe ba.

Talata, 5 ga Agusta, 6:20 na yamma

Ƙarfe goma na fara. Fure na farko ya fita lafiya. Na biyu na tona rami. Na ajiye wuƙar.

Ban ji shigowarta ba. Ta ɗauki wuƙar ta goge a zaninta.

"Matsa. Ni na san inda na danna hannu."

Na matsa. Ta fara daga sama, tana zura bakin wuƙar a kwance, tana ɗago kowane fure ɗungurungum kamar ɓawon gyaɗa. Ni na riƙe firam ɗin. Tana ajiye su a faranti, ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya ta yi Azahar ta dawo. Awa uku da minti arba'in. Rami huɗu ne kacal, ɗaya nawa.

Da ta iso kan ukun nan na gindin dutsen ta dakata.

"Ko waɗannan?"

"Ko su."

Ta cire. Ta ce, ba ta dube ni ba, "Mu in za mu yi tafiya muna neman gafara. Dina, kin yafe mini?"

Na ce, "Riƙe nan gefen, Anti, zai zame."

Ta riƙe.

Da muka gama ta juye furannin a robar tapau, irin ta ƙunshin abinci, ta rufe. Ta tambaya ko ina so. Na ce a'a. Ta sa a jakar hannunta.

Alhamis, 7 ga Agusta, 2:00 na rana

Ni da Mabel mun kwaso ɗaya zuwa shida, da sha biyu. Direban tasin ya ƙi ɗaukar babban, ya ce zai ɓata masa kujera, sai muka tallabo shi a ƙafa, ita a gaba ni a baya. Minti tara ya zama ashirin da biyar. Mabel ta ce, "In kika ƙara cewa in yi a hankali, zan ajiye miki dutsen nan a tsakiyar titi."

Bakwai zuwa sha ɗaya na bar su can. Anti ta ce ba za ta iya ɗauka ba. Na ce ta ɗauka, sun bushe, abin da ake so ke nan.

Wannan maganar ban ji daɗinta ba bayan na faɗa. Amma ban janye ba.

Asabar, 9 ga Agusta, 12:10 na rana

Na gaya wa Encik Najib shida ne. Ya cire gilashi ya murza ido. Ya ce ya riga ya buga takardar gayyata da goma sha biyu, ya hana wasu mutum biyu bangon tun Janairu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce zai ba wani mai hoto bangon hagu, kuma nan gaba in ban tabbata ba kada in ce boleh.

Na ce laifina ne. Ban ambaci kowa ba. Ban san wa nake karewa ba.

Ya ɗauko biro. "Suna fa? Ɗaya ko biyu?"

Na ba shi biyu, na faɗa masa harafi-harafi. Ita ta yi furen, ni na yi ƙasa. Haka abin yake, ba kirki nake yi ba.

Talata, 12 ga Agusta, 9:00 na safe

Matan unguwa sun tafi raka su. Jiya suka ji, kuma ba wadda ta ji haushi. Ɗaya ma ta ce haka ya kamata.

Ban je ba. Danshi kashi 79.

Asabar, 23 ga Agusta, 6:45 na yamma

An buɗe. Mutum talatin da ɗaya na ƙirga, har da masu shan shayi kawai. Na saka kore.

Wata tsohuwa ta daɗe a gaban lamba huɗu, na duman kada. Ta tambaya ko za ta iya taɓawa. Na ce ta taɓa, wannan ya bushe har ciki. Ta bi yashin da yatsa, ta ce kakanta haƙar kuza ya yi, nan kusa. Na ce nawa ma. Sai ta nuna katin ta ce ina ta biyun, mai furen?

Na ce ta yi tafiya.

Lahadi, 31 ga Agusta, 4:00 na yamma

Tutoci ko'ina, yau ranar 'yancinsu ce. Mabel ta fita kallo. Ni na zauna gaban sha biyu. Yana jingine a bangon ɗakinmu, dutse da ƙasa da hanya, ba fure ko ɗaya, kamar watan Fabrairu.

Na haɗa rawaya da maina. Na yi shafa uku a gindin dutsen na ɗaga hannu.

Soyayyen ƙwai. Na dube shi na tsawon lokaci. Na bar shi, na yi na biyu kusa da shi.

Saƙon muryar yana nan ban buɗe ba. Ɗazu wani ya shigo a rubuce, daga lambar Najeriya: "Ƙanwata, mun sauka lafiya. Ya dutsen? Yaushe zai bushe?"

Na duba littafi. Milimita shida, wata tara daga 12 ga Yuli.

Na rubuta mata: "Afrilu, in an bar shi." Na aika.